Yadda ake ɗaukar hoton magangarar ruwa idan haske ya yi ƙasa

Irin hoton nan da ake gani na ruwa yana gangarowa daga kan dutse fari fat, da laushi kamar an saki zaren auduga, aikin lokaci ne kawai. A cikin kyamara akwai wani ɗan ƙyaure da ke buɗewa haske ya shiga, sannan ya rufe. Masu hoto na ce masa shota. In ya buɗe ya rufe cikin 1/1000 na sakan, ruwan zai tsaya cak a iska, kowane ɗigo da kamanninsa. In kuwa ka bar shi a buɗe tsawon sakan guda, duk ɗigon da ya faɗo a cikin sakan ɗin sai ya ja layi, layukan su haɗu su zama laushin nan. Dutse ba ya motsi, saboda haka shi yana fitowa tar, ruwa kaɗai ke narkewa.

Wahalar ita ce ƙyauren da ya daɗe a buɗe yana kwasar haske mai yawa. Gwada sakan guda da rana tsaka ka gani, farar takarda za ka samu. Shi ya sa ƙarancin hasken da ke ba masu hoto ciwon kai a wasu wurare, a bakin magangara gaba ce ta kai ka.

Lokacin zuwa

Ranar da ta fi ita ce wadda sama ta lumshe, gajimare ya rufe rana ruf. Haske ya bazu daidai a ko'ina, ba inuwa mai kauri, ba ƙyalli mai kashe ido. In ba a samu haka ba, sai sassafe kafin rana ta leƙo kan dutsen, ko da yamma lis bayan ta faɗi. Magangara da yawa a cikin kwazazzabo suke, itatuwa sun lulluɓe su, irin waɗannan inuwa na sauka musu tun kafin yamma ta yi. Abin gudu shi ne rana rabi da rabi, ta haska saman ruwan ta bar ƙasansa a inuwa. Idonka zai ga duka biyun lafiya lau, kyamara ba za ta iya ba: ko dai saman ya ƙone, ko ƙasan ya zama baƙi ƙirin.

Hasken da ke saura bayan faɗuwar rana ba ya jiran kowa. A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya, minti 20 zuwa 25 ne tsakanin faɗuwar rana da lokacin da duhu zai fara kankama. Can arewa ko kudu sosai yakan fi haka daɗewa. Ko ma ina kake, ka isa wurin da kamar awa guda a hannu, don neman mazauni da kafa kaya su ƙare tun da ido.

Ruwan kansa ma yana da ranarsa. Washegarin ruwan sama mai ƙarfi kogi jajir yake da laka, feshinsa kuma ba zai bar ka ka matsa kusa ba. Bayan kwana ɗaya ko biyu ya fi: ruwa ya tace, amma da sauran ƙarfinsa, duwatsu da ganye kuma suna jiƙe. Sai dai ka riƙe wannan da kyau: ana iya tafka ruwa can saman kogi alhali ko ɗigo bai sauka inda kake ba, ambaliyar ta iske ka kana tsaye a kan dutse. In ka ga launin ruwa ya fara sauyawa, kara da rassa suna biyowa, ko rugugin ya ƙaru, ka kwashe kayanka ka hau tudu, ba sai ka ƙarasa hoton ba.

Abin da za ka ɗauka

Ƙafa-uku, wato matokarar kyamara, ita ce kan gaba. Da wuya hannu ya riƙe kyamara sakan guda ba tare da ta motsa ba. In babu, ɗora jakarka a kan dutse ka kwantar da kyamarar a kai, za ta yi, sai dai dutsen ne zai zaɓa maka inda za ka tsaya. Bayan ita sai ƙyallen goge gilashi, biyu ko uku, a cikin leda don kada su jiƙe kafin a buƙace su. Sai batir na biyu, tocila irin ta goshi don dawowa, da takalmi mai kama ƙasa. Gansakukar da ke kan jiƙaƙƙen dutse ta fi sabulu santsi. Maganar filta, wato ɗan gilashin da ake ɗaurawa a gaban idon kyamara, tana tafe.

Kada ka fara da kafa ƙafa-uku

Kuskuren da na fi gani ke nan, ni ma na daɗe ina yinsa: mutum ya iso, ya miƙe ƙafafun nan uku daidai tsayinsa a wurin da ya fara tsayawa, daga nan kuma ba zai sake gusawa ba saboda ƙyuyar naɗe su. Ka bar ta a gefe. Riƙe kyamarar a hannu ka zaga, ka durƙusa, ka koma gefe, ka leƙa. Sai ka sami wurin sannan ka je ka ɗauko ta.

Abin da kake nema shi ne abin da zai tsaya a gaban hoton ya ja ido zuwa magangarar: dutse mai gansakuka, saiwar itace, ko ruwan da ke fitowa daga tafkin yana ratsa duwatsu ya nufo ka. Yin ƙasa da kyamara zuwa kamar gwiwa yakan sa wannan ruwan na gaba ya cika. Sama kuma, in fara ce fayau, cire ta daga hoton gaba ɗaya. Ba abin da take ƙarawa, kuma ido wurin da ya fi haske yake fara zuwa, sai ta ƙwace wa ruwan kallo.

In ka zo kafawa, fara da zare sassan ƙafafun masu kauri, siraran na ƙasa sai in dole. Sandar tsakiya kada ka ɗaga ta, rawa take sa kyamara. Danna kowace ƙafa da ƙarfi ka tabbata ta zauna, musamman in a cikin ruwa ne, domin yashi na zarewa a hankali daga ƙarƙashinta kana tsaka da ɗauka. Igiyar wuyan kyamarar ka naɗe ta, iskar da magangara ke turowa kan kaɗa ta ta riƙa bugun ƙafa.

Saiti

Juya kyamara zuwa M, inda kai ke da iko da komai. Sa ta ta ajiye hoto a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, zai ba ka damar ceto haske da gyara launi daga baya fiye da JPEG nesa ba kusa ba. Kashe na'urar hana girgiza, wadda Canon ke rubuta wa IS, Nikon VR, Sony kuma OSS a jikin idon kyamararta, wato gilashin gaba. A kan ƙafa-uku ba ta da aikin yi, wani lokaci ma neman girgizar da babu shi ke sa ta haddasa ta.

ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske in an ɗaga lambarsa, ka kai shi ƙasa, 100 a yawancin kyamarori, wasu 64, wasu 200. Ƙofar idon kyamara, wadda ake aunawa da lambar f, ka sa ta f/8 ko f/11. A nan yawancin idanun kyamara suka fi kaifi, kuma gaba da baya duk za su fito. Za ka ji sha'awar matse ta zuwa f/22 don rage haske. Yana ragewa, amma hasken da ya bi ta matsattsiyar ƙofa yakan ɗan watse, hoton duka ya yi laushi har da dutsen, ga kuma duk ƙurar da ke kan sensa, ɗan farantin da haske ke sauka a kai a cikin kyamara, za ta bayyana. Ni f/16 ce iyakata.

Saura shota, kuma a nan aikin yake. Mutane kan tambaya sakan nawa ake sawa, kamar akwai lamba ɗaya. Ruwan ne ke faɗa. Magangara mai ƙarfi, mai ruwa da yawa da gudu, 1/8 ko 1/4 na sakan ya ishe ta. A nan za ka ga ruwan ya yi laushi amma da zare-zarensa, kana ganin inda ya daki dutse ya rabu biyu, kana jin nauyinsa. Ba ta sakan 10 ka gani: duk zaren ya narke, abin ya koma farin zane da aka rataya a bango, ba siffa ba ƙarfi. Ƙaramar magangara kuwa, wadda ruwanta ke tsiyaya siri-siri ta kan duwatsu, ita ke son sakan 1, 2, har 4, domin tsawon lokacin ne ke tara ɗan ruwan ya cika shi ya zama abin kallo. Wanda ya saba da ganin irin hotunan nan yana gane na ɗan koyo nan take, don ɗan koyo gani yake duk daɗewar shota duk kyau.

Don haka fara daga 1/2. Ɗauka, duba, sannan ka yi ƙasa zuwa 1/4 da 1/8, ka dawo ka yi sama zuwa 1 da 2. Duk lokacin da ka ninka tsawon shota, hasken ya ninku, wannan shi ake kira mataki ɗaya. Dole ka rama shi ta wani gefen: daga f/8 zuwa f/11 mataki ɗaya ne, daga f/11 zuwa f/16 wani matakin. Hotuna biyar ɗin nan ka ajiye su duka, a gida za ka san wanda ya dace, ƙaramin allon kyamara ba ya faɗar gaskiya a kan wannan.

Wuri ɗaya ne nake barin shota ta daɗe da gangan. Duba tafkin da ke ƙarƙashin magangarar. Sau da yawa akwai wani lungu da ruwa ke juyawa a hankali, kumfa da busassun ganye suna zagaye a kansa. Da ido ba komai ba ne, datti ne ma. Amma ba shi sakan 15 zuwa 30, kumfar za ta zana da'ira cikin da'ira a kan baƙin ruwa. Ka tsaya ka ƙirga sakan nawa ganye ɗaya ke yi kafin ya zagayo, ka ba shota kwatankwacin haka.

Filta

In haske bai yi ƙasa yadda kake so ba, filta ce za ta rage shi. Iri biyu ne. Ta farko ita ce mai kashe ƙyalli, folaraiza, kuma in ɗaya kawai za ka mallaka to ita. Jiƙaƙƙen dutse da ganye suna mayar da hasken sama, sai su fito fari-fari a hoto. Ɗaura ta ka riƙa juya zobenta a hankali kana kallon allo, za ka ga ƙyallin ya dushe, dutse ya koma baƙi, ganye ya yi kore shar, har duwatsun ƙarƙashin ruwa su bayyana. Kada ka kashe ƙyallin duka, bar kaɗan, in ba haka ba dutsen zai yi kama da busasshe. Tana kuma cinye haske mataki ɗaya zuwa biyu, wanda a inuwa sau da yawa shi ke nan abin da kake bukata. In ka juya kyamara daga kwance zuwa tsaye, sai ka sake juya ta.

Ta biyu ita ce baƙar filta, ND, wadda aikinta rage haske kawai. Lambar da ke jikinta tana nuna sau nawa take rage shi: ND8 mataki 3, ND64 mataki 6, ND1000 mataki 10. Lissafin ba wuya. A ce ba filta kyamara ta nuna 1/60. Ninka tsawon shota mataki uku: 1/30, 1/15, 1/8, wannan ND8 ke nan. Ci gaba: 1/4, 1/2, 1, ND64 ta kai ka sakan guda. ND1000 kuwa za ta kai ka wajen sakan 15. Ga magangara a inuwa, ND8 ta fi amfani, ND64 ta rana ce, ND1000 kuma yawanci ta yi yawa. In almuru ya yi, cire baƙar gaba ɗaya.

Fokas da latsawa

A duhu-duhu kyamara kan yi ta kai da komo tana neman fokas, ruwa mai gudu kuma ba wurin kamawa gare shi. Kunna allon baya, zuƙo hoton har ƙarshe a kan wani dutse mai kaifin baki, kamar kashi ɗaya cikin uku na nisan abin da ke cikin hoton, ka juya zoben da hannu har ya fito tar. In duhu ya hana, haska dutsen da tocila, ka saita, ka kashe. Daga nan bar fokas a MF, wato saitin hannu, don kada ya gusa. Baƙar filta mai ƙarfi kuma sai bayan an gama saitin ake ɗaura ta, a hankali.

Kada ka latsa maɓallin da yatsa hoton ya tafi nan take, latsawar kanta girgiza ce. Sa jinkirin sakan 2, ko ka yi amfani da rimot. In kyamararka mai madubi ce a ciki, ɗauka ta allon baya ko ka kunna ɗage madubi, don bugunsa ya fi ɓata hoto daidai tsakanin 1/15 da sakan guda, inda kake aiki. Ka kuma toshe ramin leƙawa na baya in shota za ta daɗe, haske na iya silalowa ta nan ya bar shunayyar tabo a hoto.

Da hoton ya fito, kada ka yarda da hasken allo, a duhu komai kyau yake yi. Buɗe histogiram, wato zanen nan mai kama da tsauni da ke nuna hasken hoton, duhu a hagu, fari a dama. In tsaunin ya jingina da bangon dama, farin ruwan ya ƙone, kuma abin da ya ƙone ba ya dawowa. Kunna gargaɗin nan mai sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙyaftawa. Rage haske har ƙyaftawar ta bar jikin ruwan, ko da duwatsun sun yi duhu. Inuwa ana ɗago ta a RAW. Sannan zuƙo hoton ka duba kaifin dutsen gaba da na baya.

Feshi

Wata yamma na tsaya kusa da wata magangara, haske ya yi yadda nake so, na yi ta ɗauka har duhu ya kore ni. A allon kyamara komai daidai. Da na buɗe a kwamfuta, kowane hoto da wani dunƙulen hazo a gefen hagu, daidai kan dutsen da na sha wahalar sawa a gaba. Ɗigo ɗaya ne ya zauna a kan filta tun hoto na uku ko na huɗu, ni kuwa ina baya ban taɓa zagayowa na kalli gilashin ba.

Tun daga ranar ga yadda nake yi. In gama saiti duka, in goge gilashin, in bar ƙyallen a lulluɓe a kansa, in latsa maɓalli, sai jinkirin sakan 2 ya kusa cika in zare ƙyallen ba tare da na taɓa kyamarar ba. Bayan kowane hoto in leƙa gaba. Feshin ba daidai yake zuwa ba, iska ce ke turo shi kashi-kashi, in ka tsaya kana jin sa a fuskarka za ka gane lokacin da yake lafawa. Hular idon kyamara tana kare feshin da ke zuwa ta gefe. Kuma kada ka cire idon kyamara ka sauya wani a cikin feshi, koma baya tukuna.

Iskar tana kawo wata matsalar: ruwa ya yi kyau a sakan 2, amma ganyen da ke gefe ya zama kore-kore mara siffa. Ko dai ka jira ta lafa, ko ka ɗauki hoto na biyu ba tare da ka motsa kyamara ba, ISO 800 ko 1600, shota 1/60 ko sama, don ganyen kawai, ka haɗa su a kwamfuta.

In duhu ya ƙaru

Daga nan lissafin yakan juye, haske ya koma ƙaranci. Kowane minti kaɗan sai ka sake duba histogiram. Fara da cire baƙar filta, sannan ka buɗe ƙofa daga f/11 zuwa f/8 ko f/5.6, sannan ka ɗaga ISO zuwa 400 ko 800. Gara 'yar dusa-dusar da ɗaga ISO ke bari a hoto da a bar shota ta tafi sakan 20 a kan ruwan da 1/2 yake so. In za ka wuce sakan 30, yawancin kyamarori sai an koma B, inda shota ke zama a buɗe har ka sake ta, nan rimot ya zama dole. Akwai wani saiti na rage dusar doguwar ɗauka: bayan hoton sakan 30, kyamara ta sake yin wasu 30 a rufe tana auna dusar don ta cire. Yana aiki, amma rabin ɗan lokacin da ya rage maka yake ci, ni da almuru kashe shi nake yi.

Launi ma zai karkata zuwa shuɗi, don hasken sama kaɗai ya rage. Hasken rana wajen 5500 yake a ma'aunin Kelvin da ake auna launin haske da shi, inuwa kuma 7000 ko fiye. Sa ma'aunin fari, wato saitin daidaita launi na kyamara, tsakanin 6500 da 7500 ruwan zai dawo fari. Kada ka kashe shuɗin duka, shi ke nuna sanyin wurin.

Daren da wata ya cika kuma wani abu ne daban. Fara gwaji da ISO 800, f/4, sakan 15. In watan yana bayanka, bai yi sama sosai ba, feshi kuma yana da yawa, bakan gizo na iya fitowa da dare. Ido fari-fari yake ganinsa, kyamara ce ke fito da launukansa. Magangarar Biktoriya da ke kan kogin Zambezi, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, ta shahara da wannan.

In waya ce a hannunka

Ƙofar idon yawancin wayoyi ba ta matsewa, a buɗe take, don haka su ma sai a inuwa ko da almuru. A iPhone, kunna Live Photo, ɗauka ba tare da motsi ba, sannan ka buɗe hoton ka zaɓi doguwar ɗauka. Tun iOS 11 na 2017 ake da shi, kuma ɗan bidiyon sakan 3 ne take narkarwa ya zama hoto ɗaya. Wayoyin Android da yawa suna da sashen Pro inda za ka sa ISO a ƙasa ka zaɓi tsawon shota da kanka. Jingina wayar da dutse, sa jinkiri.

Dabarar narkarwar nan tana yi wa mai kyamara ma aiki ranar da ya manta filta: ɗauki hoto 8 ko 10 a jere a 1/15 ba tare da motsi ba, ka haɗa su a Photoshop ya fitar da matsakaicinsu. Ruwan zai yi kusan kamar an ba shi rabin sakan, dusar ma ta ragu.

A gida, gyaran kaɗan ne: rage hasken fararen wurare har zaren ruwan ya fito, ɗago inuwa kaɗan, ƙara kaifi a kan dutse ban da ruwa. Kafin ka zauna gaban kwamfutar dai, fito da kyamarar daga jaka ka goge ta, ka cire filta, ka bar su a inda iska ke shiga, don danshin da aka rufe a jaka shi ke tsirar da fumfuna a cikin gilashi. Ƙafa-ukun ma ka zare sassanta duka, ka wanke yashin da ya shiga gaɓoɓinta, ka jingine ta a buɗe ta bushe.